Yadda Alden Pelkey Ya Farfaɗo da Kamfanin Takarda

Duk wanda ya san garin Tolman ya san ɗakin da ke ƙarƙashin cocinmu, wanda kuma ya san ɗakin ya san abin kunyar da ke ciki, wato mu. Tsofaffi ne riƙaƙƙu, wasu da jikoki, wasu da haƙoran roba, amma duk Laraba sai mu taru mu kifa hular direban jirgi, mu kewaye wani makeken tebur muna kallon wani jirgin ƙasa na wasa, wanda kan jirgin bai wuce tsawon tafin hannu ba. Mun gina masa duwatsu da filasta, mun dasa masa itatuwan soso, mun jera masa 'yan mutanen roba a tasha. Suna nan tsaye da akwatunansu shekara da shekaru, har yau ba wanda ya hau. In jirgi ya zagayo lafiya mu tafa. In ya faɗi mu yi ta musun wanda ya yi atishawa.

A cikinmu kaf babu mai cika baki kamar Alden Pelkey. Ƙuruciyarsa da girmansa duk a shagon takalma na babban titi ya ƙarar da su, yana durƙushe gaban ƙafafun mutane yana tambayar ko babban yatsa na jin matsi. Amma bari a ɗauko zancen daji da gungume, sai ka rantse da gatari aka yanke masa cibiya.

"Jinin katako ne ke yawo a jikina," haka yake cewa yana dukan ƙirji. "Kakana a kan gungume yake tsallake kogin nan, hannu a aljihu, yana fito."

Rosaire Cyr, maƙwabcinsa da shinge kawai ya raba gidajensu, shi ne kullum mai katse masa hanzari.

"Kakanka kuku ne, Alden. Wake yake dafa wa masu saran."

"To in ba waken ba, wa zai ɗaga gatarin? Kai dai hassada ce ke cin ka."

Ana nan, sanyi ya gabato, ganyaye sun fara ja, sai Fada Doucette ya sauko mana wata Laraba yana murza hannuwa, alamar da duk mun san ba ta alheri ba ce. Ya ce matan coci masu ɗinkin bargo sun ƙaru, ɗan lungun da suke zama a sama ya yi musu kaɗan, kuma sun sa ido a kan namu ɓangaren. Shugabarsu kuwa ba wata ba ce, Yvette ce, matar Alden.

"Sun ce bargunansu na zuwa gidajen marasa galihu," in ji Fada, "jirginku kuwa ba ya zuwa ko'ina."

"Yana zuwa mana," in ji Rosaire. "Ya je ya dawo."

Fada bai yi dariya ba. Ya ce ranar cin wake ta shekara, wadda ake yi a ɗaya ɓangaren ɗakin, za a janye katangar katakon da ke tsakani, jama'ar gari su ga abin da muke yi. In sun ga abin riƙewa ne, mu zauna. In ba haka ba, mu kwashe duwatsunmu mu san inda muka nufa.

Yana fita jikinmu ya yi sanyi. Ba mai matar da za ta yarda a kawo mata dutsen filasta cikin falo. Alden kaɗai ne ya miƙe, ya gyara hula, ya dube mu kamar mai duban marasa lafiya.

"Kun san abin da ke damunku? Tunaninku ƙarami ne, daidai da jirginku. Me garin nan ya rasa? Kamfanin takarda! Tun da aka rufe shi babu gidan da bai ji a jikinsa ba. To ni zan dawo musu da shi. Ku ba ni kusurwar can da ba kowa. Daji, filin lodi, taragu maƙare da itacen takarda, kogi, kamfanin kansa da bututun hayaƙinsa. Kuma ba na roba ba irin na yara. Itace na gaske, ruwa na gaske, hayaƙi na gaske. Wallahi sai tsofaffin garin nan sun yi kuka. Yvette da kanta za ta roƙe ni in bari ta ɗinka wa teburin nan labule."

Mu kuwa, da furfurarmu da komai, muka tafa masa.

Abu na farko gumagumai. Itacen takarda gajere-gajere ake yanka shi, a jera shi a kwance cikin buɗaɗɗen tarago har ya yi tozo. A girman jirginmu, gungume ɗaya bai kai rabin tsinken ashana ba, tarago guda kuwa sai ya lashe tuli. Masu son zaman lafiya na roba suke saye. Alden ya ce shi sai reshe mai ɓawo. Ya zagaya bayan gidansa, ya duba nan ya duba can, babu reshen da ya kwanta masa sai na shingen Rosaire.

A ranar kuwa Rosaire ya tafi asibiti a duba masa gwiwa. Da ya dawo ya tsaya a ƙofar gidansa, sai ya hango abin da bai taɓa gani ba tun da ya tare a unguwar: gajerun wandunan Alden na kaɗawa a igiyar shanya. Ta cikin shinge ya hango su, ta wata kafa da saniya za ta wuce ba ta goga ba.

"Alden! Wace dabba ce ta ci mini shinge?"

Alden ya leƙo ta kafar, almakashin lambu a hannu, buhu a kafaɗa. "Aski na yi masa, maƙwabci. Kyauta."

"Aski? Wannan ai yanka ne! Da hannuna na rene shi tun yana tsiro."

"To ka gode wa Allah, shingenka zai shiga tarihi. Duk garin nan za su gan shi yana tafiya a jirgi."

"Ni kuma in zauna ina kallon wandunanka?"

"Wa ya aike ka kallo? Ka juya kujerarka mana."

Wani daga cikinmu ya gaya masa cewa ɗanyen reshe sai an gasa shi a tanda da wuta kaɗan, ya bushe, ƙwarin da ke cikin ɓawo su mutu. Alden ya ce ya san wannan tun kafin a haifi mai faɗar. Ya jira Yvette ta fita cefane, ya juye rassan a farantin da take gasa kek, ya ce wuta kaɗan ta malalata ce, ya murɗa ta har ƙarshe. Sannan ya koma falo ya kishingiɗa yana zana bututun hayaƙi a gefen jarida.

Yvette ta dawo ta tarar hayaƙi na tuɗaɗowa ta tagar kicin, karen gidan na tsakar titi yana tari, mijinta kuma na fifita tanda da hular direba.

"Alden Pelkey, me ka saka mini a tanda?"

"Daji ne, Yvette."

"Daji."

"In kin duba da kyau, gobarar daji ce. Tana faruwa a zahiri. Kakana ya ga irinta."

"Da kakanka ya ga farantina, da da ludayi zai bi ka. Ka sake matsowa kusa da tandar nan, kai da jirginka a gareji za ku zauna har ƙanƙara ta narke."

Tanda ta haramta, shinge kuma Rosaire ya kafa kujera a gabansa yana gadi da sanda a cinya. Alden bai karaya ba. Ya tuna da wani tsohon itace da ya faɗi bayan garejinsa tun tuni, ya je ya kakkaryo matattun rassansa. Ya ce waɗannan Allah ya riga ya gasa su. Ɓawon duk 'yan ramuka ne kamar an tsattsaga da allura, ya ɗaga ɗaya ya duba a rana, ya ce wannan shi ne alamar itace mai daraja.

Wajen yanka ya ɗauko almakashin ɗinkin Yvette, wanda ko takarda ba ta yarda a yanka da shi. Kowane gungume in ya datse sai ya yi tsalle ya ɓace. Aka riƙa tsintar gumagumai cikin takalmi, cikin kwanon kare, cikin aljihun rigar barci. Wata safiya Yvette na shan kunun alkama ta ji ƙas a haƙorinta. Ta tofo a cokali, ta miƙa masa.

"Ga kayanka. A wane tarago za a sa shi?"

Sai maganar gam. Ya sayo irin mai kamawa nan take, don a cewarsa babban ɗan kwangila ba ya zaman jiran abu ya bushe. Ya jera lodi na farko a tafin hannunsa na hagu don ya ji nauyinsa, ya tsiyaya gam, ya danne da na dama. Lodin ya kama. Hannuwan ma suka kama. Yana cikin kokawa da kansa aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai ga Fada Doucette ya zo wurin Yvette kan shirin cin wake. Fada ya miƙo hannu su gaisa. Alden ya miƙa masa duka biyun a haɗe, itace a tsakani.

"Addu'a kake yi, Alden?"

"Lodin farko ne, Fada. Na ce bari in riƙe shi da kyau har ka sa masa albarka."

Da ruwan goge jan farce Yvette ta raba shi da lodin. Ba ta yi a hankali ba, kuma ba ta ɓoye cewa tana jin daɗin aikin ba.

Laraba ta zagayo, ya zo mana da taragu a cikin kwalin takalmi, yatsu duk filastar ciwo. Gaskiya lodin ya yi kyau, sai dai ya tula shi kamar mai gudun hijira. Aka haɗa su a bayan kan jirgi, jirgi ya tashi, ya wuce tasha, ya nufi dutsen Rosaire. Dutsen nan shi ne abin alfaharin Rosaire a duniya. Ya fi shekarun da wasu suka yi da aure yana shafa masa fenti, akwai rami a gindinsa da jirgi ke bi, a ƙolinsa kuma wata 'yar barewa ta roba na tsaye tana hangen gari. Kan jirgi ya shige rami. Taragon farko ya zo, lodi ya daki bakin ramin, komai ya tsaya cak.

"Lodinka ya yi tsawo," in ji Rosaire.

"Raminka ne ya yi ƙanƙanta."

"Tun kafin ka shigo ƙungiyar nan jirage ke wucewa ta ramin nan."

"Jiragen yunwa. Yau ne ya fara ganin kaya."

Da yake a shekarunmu ba mai daɗewa bai nemi banɗaki ba, Alden ya jira Rosaire ya hau sama. Ya zaro wuƙar yanka burodi daga cikin kwalin, ya shiga faɗaɗa rami. Muna cewa a bari, yana cewa mu riƙe masa fitila. Rami ya faɗaɗa kam, amma wata tsaga ta tashi daga bakinsa ta haura har ƙoli, barewa ta karkata ta faɗa ciki.

Rosaire ya sauko yana gyara bel. Ya dubi dutse, ya sake dubawa.

"Ina barewata?"

"Ta yi ƙaura," in ji Alden. "Haka abin yake in masana'anta ta zo. Dabbobi sukan matsa."

Sai da muka riƙe Rosaire mu uku.

Kogi kuwa da indararon garejinsa ya yi shi. Ya ciro shi, ya shafa masa baƙin fenti, ya binne shi a cikin teburin, ya ɗora masa gada. Famfon da zai juya ruwan daga tankin kifin Yvette ya cire shi, kifayen kuma ya mayar da su tukunyar miya, ya ce canjin iska zai yi musu amfani. Kamfanin da kwali ya gina shi, da bututun roba a tsaye, kuma wallahi ya yi kama, har da 'yar ƙofar da ma'aikata ke shiga. Amma ƙarƙashin kusurwar ya kewaye shi da tsohon zanen gado, ya hana kowa leƙawa.

"A gwada mana kafin ranar," muka ce.

"Gwaji na masu shakka ne."

Abin da ke bayan zanen, Alden ya daɗe yana saƙa shi a zuci. Ya lura cewa duk wanda ya tashi a Tolman, kafin ya ga kamfanin da ido ya riga ya ji shi da hanci. Ya ce a ransa, kamfani ba wari ai hoto ne kawai. Don haka ya sami gwangwani mai murfi, ya fasa ƙwai a ciki, ya yayyanka kabeji ya zuba, ya rufe, ya ajiye a tagar gareji inda rana ke duka, ya bar su su san juna. Ya tanadi ɗan risho na lantarki, da kwanon dusar katako mai laima don hayaƙi, da 'yar fanka da za ta tura komai sama ta bututu. Ko shi kansa bai buɗe gwangwanin ba. Ya ce abin mamaki in ka riga ka gani ya tashi daga abin mamaki.

Ranar cin wake ɗakin ya cika maƙil. An kunna na'urar ɗumama ɗaki har ƙarshe saboda tsofaffi, tukwanen wake na turiri, ga burodi, ga kek ɗin tuffa a jere a wani tebur da aka jingina da namu don rashin wuri. 'Yan kwana-kwanan gari sun kama dogon tebur guda, shugabansu Hollis Bragdon ya soke tsumma a wuya yana kan faranti na biyu. Aka janye katanga. Alden ya fito cikin jar rigar ulu mai gida-gida da ya ce ta kakansa ce, da takalmin daji sabo fil, takardar shago na lilo a igiyarsa.

"Jama'ar Tolman," ya ce, "abin da aka ƙwace muku, yau na dawo muku da shi."

Ya danna famfo. Ruwa ya taho ta ƙarƙashin gada yana ƙyalli. Ya murɗa maɓalli, jirgi ya tashi da lodinsa, ya shige ramin Rosaire ya fito ta ɗaya gefen lafiya lau. Ɗaki ya ɗauki tafi. Tsofaffin ma'aikata suka ajiye cokula suka matso. Wani ya nuna da yatsa yana cewa ga ƙofar da yake shiga, wani ya ce a nan ya fara ganin matarsa. Madam Odile, wadda ta tsufa a ɗakin naɗe takarda, ta cire tabarau tana goge ido. Har Yvette, da ke tsaye da tukunyar wake a hannu, fuskarta ta ɗan saki.

Da a nan ya tsaya, da mun ci. Rosaire ma ya raɗa masa, "Ya isa haka, Alden. Ka rusuna ka zauna."

"Wannan ai gaisuwa ce," in ji Alden. Ya durƙusa ya shige bayan zane.

Ya kunna risho, ya ɗora dusa, ya ɗora gwangwani, ya toshe hanci ya ɓalle murfi, ya saki fanka. Farin hayaƙi ya taso ta bututu siriri, gwanin sha'awa, jama'a suka ce "Kai!" Sai abin da ke bayan hayaƙin ya biyo.

Wari ne, kuma teburin gaba ya fara isa. To, taro ne na cin wake, don haka ba wanda ya zargi kamfani. Kowa ya dubi na kusa da shi. Matar Hollis ta zungure shi da gwiwar hannu.

"Haba, Hollis. A coci?"

"Wallahi ba ni ba ne."

"Shekara nawa ina tare da kai?"

"Na ce ba ni ba ne! Nawa ba ya kai haka."

Fada Doucette ya ɗaga kai yana kallon rufi kamar mai neman haƙuri daga sama. Madam Odile ce kaɗai ta shaƙa da kyau, ta saki baki.

"An buɗe kamfani ne?"

Alden ya fito daga bayan zane idanu na hawaye, yana murmushi. "Ku shaƙa, jama'a! Kar ku ji kunya! Tarihinku ne!"

Wata mata ta yi ihu, amma ba don warin ba. Zafin ɗakin ya tashe masu gidan da ke barci a cikin matattun rassan nan. Manyan baƙaƙen tururuwa suka fara fitowa daga lodin, tarago bayan tarago. Kusa da 'yan mutanenmu na roba kowace ta kai girman ɗan maraƙi. Jirgi na zagayawa yana sauke su a kowace tasha. Wasu suka haye kan fasinjoji, wasu suka shiga ɗan cocin kwali da ke kan teburinmu, mafi yawansu kuwa suka jeru suka nufi kek ɗin tuffa.

"Alden," in ji Rosaire, hanci a cikin hula, "ma'aikatanka sun fito yajin aiki."

"Ku dubi kogi!" Alden ya daka tsawa, don ya kawar da idon mutane. "Ga yadda kakana ke koro gumagumai!"

Ya ɗebo ragowar gumagumai cike da hannu biyu ya watsa a ruwa. Suka taho da gudu, suka iso gada, suka cushe. Ruwa ya tsaya, ya kumbura, ya haura. Ya shanye filin lodi, ya bi babban titin ɗan garin namu, ya ɗauki fasinjojin da akwatunansu. Karon farko ke nan da suka bar tasha.

"Kashe famfon!" muka haɗa baki.

Alden ya yi tsalle ya cafki maɓalli, amma na jirgi ya cafka, kuma ya murɗa shi ta inda ba a so. Jirgi ya zabura. Dutsen Rosaire, da ya sha wuƙa ya kuma sha ruwa, ya fara zama a hankali kamar tsohon da gwiwa ta gaza, ya ture layin dogo gefe. Jirgi ya iso kwanar, bai ga dalilin juyawa ba. Ya bar tebur da kansa da taragunsa, ya yi sama, ya dira tsulum cikin tukunyar da ke hannun Yvette. Wake ya wanke mata gaban riga har haɓa.

Yvette ta ɗago kai. Ta dube shi kawai. Mu da muka ga kallon muka ja da baya.

A ƙarƙashin tebur kuwa ruwa ya sami risho. Aka ji fuuu, turiri da hayaƙi suka turnuƙe, ƙararrawar gobara ta ɗauka. Ba a taɓa samun 'yan kwana-kwana sun iso wuri da sauri haka ba, tun da suna ciki. Hollis ya miƙe da tsumma a wuya, ya fizge wayar lantarki daga bango, ya ɗauki butar kofi ya nufi zanen.

"Kar ka taɓa mini kaya!" in ji Alden. Ya riga shi shigewa, ya sunkuto gwangwanin da hannu tsirara. Gwangwani kuwa ya yi zafin da ba a riƙewa. Ya yi ƙara, ya yi jifa da shi. Gwangwanin ya gangara, ya kife daidai kan ragar ƙarfen da iska mai ɗumi ke fitowa a ƙasa, duk abin da ke ciki ya tsiyaye cikin bututun ɗumama ɗaki. Na'urar kuwa ta ci gaba da aikinta tsakani da Allah, ta raba wa kowane lungu rabonsa.

Ba a san wanda ya fara gudu ba, amma an ga Fada a sahun gaba. Kafin ka ce me, duk garin na tsaye a farfajiyar coci cikin sanyi, wasu da faranti a hannu, wasu na kakkaɓe tururuwa daga wuyan riga. Alden ne ya fito a ƙarshe, hula a karkace, yana hura yatsu. Kowa ya juyo yana kallonsa.

Madam Odile ta dogara sandarta ta zo gabansa.

"Ɗana, a kamfanin nan na ƙare ƙarfina. Wari, ambaliya, hatsari, sannan a kore mu waje cikin sanyi ba ko sallama. Babu abin da ka manta."

Farfajiya ta fashe da dariya, har Hollis na riƙe ciki. Alden ya buɗe baki zai ce wannan shaida ce daga gwana, sai wata tururuwa ta cije shi a ƙarƙashin rigar kakansa, ya yi tsalle yana dukan kansa. Da ya lafa, ya matsa kusa da matarsa, wadda ke tsame kan jirgi daga tukunya da ludayi.

"Yvette," ya ce a hankali, "ina ganin da na tsaya a takalma."

"Da ka tsaya a gado," ta ce. Ta ɗora masa kan jirgin a hannu, wake na ɗiga. "Ka mayar mini da kifayena inda ka same su."

Muka yi ta wanke ɗakin nan. Sabulu, ruwan wanki mai ƙarfi, turare, har wani mai gyaran bututu aka kira daga garin gaba, ya sa kai ya fito ya ce shi yana da iyali. Fada bai ma tsaya yanke hukunci ba, kowa ya san mun faɗi. Matan suka zo karɓar ɗakinsu da igiyar awo a wuya, Yvette a gaba. Suka sauko rabin matakala, na'urar ɗumama ɗaki ta tashi, suka tsaya.

"Marasa galihu sun ga ta kansu," in ji Yvette, "ba sai mun ƙara musu da bargo mai wannan abin ba."

Suka juya. A falon Fada suka tare da kekunan ɗinkinsu, har yau a kicin yake karatunsa. Cin wake kuma aka mayar da shi ofishin 'yan kwana-kwana. Ɗakin ya zama namu, ba ɓangare ɗaya ba, duka biyun, don babu mahaluƙin da ya nema.

Muna nan duk Laraba. Tagogi a buɗe ko da ƙanƙara na zuba, kowa da babbar riga da safar hannu, gyale a naɗe har hanci. Ranar da muka fara komawa, Alden ya tsaya a tsakiyar ɗakin, yatsu a ɗaure, ya buɗe hannuwa ya nuna filin da muka samu daga bango zuwa bango.

"To," ya ce, "a cikinku wa ya taɓa samo wa ƙungiyar nan ko da taku ɗaya? Ina jin amsa."

Ba wanda ya amsa masa, ko Rosaire. A ɗakin nan duk wanda ya buɗe baki sai ya ɗanɗana.